Bindiga a cikin mota, iyaka a gaba: abin da ya kamata ɗan kasuwa ya sani kafin ya wuce Ɗan Isa

Duk wanda ya taɓa shiga motar Jibiya daga Maraɗi da sanyin safiyar Lahadi ya san yadda lodi yake. Buhunan wake da na aya a sama, kwandunan kaji a gefe, iyayenmu mata sun takure a baya kowace da ƙullin kuɗinta a bakin zane, yaron mota na ta ɗaure igiya yana faɗa da ɗan kamasho. Ana dab da tashi sai ka ga wani ya sheƙo a kan babur da kwali ko ƙullin leda, ya miƙa wa direba ko wata fasinja, ya ce don Allah a sauke masa a Magama, akwai mai jira a can. A karɓa, a cusa ƙarƙashin kujera, a ce Allah ya kai mu lafiya. Babu mai tambayar abin da ke ciki, domin a al'adarmu bincika saƙon mutum kamar zarginsa ne.

Wannan kwali, da kuma bindigar da wasu masu motoci suka fara ajiyewa kusa da ƙafarsu saboda tsoron ɓarayin daji, su ne dalilin wannan rubutu. A shirye-shiryen da muke gabatarwa a rediyo tambayar tana yawan dawowa, musamman daga ƴan kasuwar gundumar Madarunfa: mutumin da ke da takardar izinin riƙe bindiga ta hukumomin Nijar, zai iya shiga da ita Katsina ko Kano in ya tafi sarin kaya? Amsar gajeriya ce, a'a. Takardar tana mutuwa a bakin iyaka. Amma da yake a rediyo lokaci ba ya isa, kafin ka gama bayani an ce ga talla, mun ga ya dace mu shimfiɗa maganar a nan yadda mai karatu zai iya ajiye jaridar ya karanta wa abokin tafiyarsa.

Ba mu ga laifin masu tambayar ba. Wanda yake zaune a Yamai yana iya cewa me ya haɗa ɗan kasuwa da bindiga, amma mutumin Gabi ko Safo ko Sarkin Yamma ya san abin da ya gani. A cikin shekarun nan ɓarayin da ke fitowa daga dazuzzukan Zamfara da Katsina sun mayar da kudancin jihar Maraɗi wurin kiwonsu, suna bi ta dajin Baban Rafi, su kore shanu, su ɗauke magidanci ko matarsa cikin dare, sai an sayar da gona an biya kuɗin fansa. A shekarar 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara suka kwararo jihar nan, kuma a watan Satumba na shekarar gwamnan Maraɗi na lokacin, Zakari Umaru, ya karɓi gwamnonin Katsina da Zamfara da Sakkwato a birnin Maraɗi don neman bakin zaren. Mai ɗauke da kuɗin shanu goma a aljihu, da magariba ta same shi tsakanin ƙauyuka, dole zuciyarsa ta raya masa abubuwa. Sai dai doka ba ta auna tsoron mutum, abin da aka samu a hannunsa take dubawa.

Mu fara da gida. A Nijar asalin hukuncin bindiga haramci ne, izini shi ne togaciya. Kundin hukunta laifuka na 1961, wanda aka yi wa babban gyara a 2003, ya hana shigo da bindiga, da sayar da ita, da ɗaukarta daga wuri zuwa wuri, da ajiye ta, da yawo da ita, sai ga wanda hukuma ta ba izini. Bai tsaya kan bindiga kaɗai ba, ya haɗa da harsashi da albarushi da nakiya, har da bindigar iska. Hukuncin da ya tanada shi ne ɗauri daga shekara 2 zuwa ƙasa da shekara 10 a gidan kaso, da tara daga jika 20 zuwa jika 200 na sefa, sannan a ƙwace makamin. Mai karatu ya lura da kalmar ɗauka. Ba sai bindigar ta zama taka ba. Wanda ya ɗauko ta a motarsa ko a cikin buhunsa ya shiga cikin jerin.

Izinin kuwa daga ma'aikatar cikin gida yake fitowa, bisa wata dokar gwamnati ta 1963 da ta tsara mallakar makamai da cinikinsu. Ba mai gari ke bayarwa ba, ba magajin gari ba, ba kuma wani ɗan uwa mai kaki ba. Ana rubuta takardar nema, a binciki halin mutum, a ga ko an taɓa ɗaure shi, sannan a ba shi ko a hana shi. In an ba shi, izinin nasa ne shi kaɗai kuma na wannan bindigar ce kaɗai mai lamba kaza. Nan ne da yawa daga cikin manyan ƴan kasuwarmu ke yin kuskure. Alhaji yana da takarda, sai ya ce wa direbansa ya tafi da bindigar tunda zai kwana a hanya, ko ya bar ta a hannun ɗansa. A idon jandarma, direban nan mutum ne mai bindiga ba izini, Alhaji kuma mutum ne da ya miƙa makami ga wanda bai cancanta ba. Haka wanda mahaifinsa ya rasu ya bar bindiga: an gaji ƙarfen, ba a gaji takardar ba. Mafarauta kuma suna da nasu ƙarin nauyi, domin dokar farauta ta 1998 ta sa sai da takardar farauta daga ma'aikatan gandun daji, kuma wannan takarda daban take da izinin riƙe bindiga. Ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya.

To, a ce mutum ya cika duk wannan, takardunsa garau. Ya bar Maraɗi, ya wuce Jiratawa, ya iso Ɗan Isa, kimanin kilomita 40 daga birni. Daga nan zuwa Magama ɗan taƙi ne. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, surukai a kowane ɓangare. Sarautar Maraɗi ma ta Katsina ce, tun lokacin da Ɗan Kasawa da jama'arsa suka kafu a nan bayan jihadi ya raba su da birnin Katsina, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinar Maraɗi. Turawan Faransa da na Ingila ne suka zauna suka ja layin, suka kafa alamominsa tsakanin 1906 da 1908, layi mai tsawon kusan kilomita 1,500 daga yankin Gaya har tafkin Cadi. Tsofaffinmu ba su taɓa ɗaukarsa da muhimmanci ba, mu ma a zuciya haka muke. Amma alƙalin Katsina yana ɗaukarsa da muhimmanci ƙwarai, kuma sa hannun ministan cikin gida na Nijar ba ya nufin komai a teburinsa.

Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta kasa makamai gida uku. Kashi na farko shi ne na haramtattu, waɗanda ba mai ba da lasisinsu sai shugaban ƙasa da kansa. A ciki akwai bindigogin yaƙi irin su kalashi, da masu jigida, da gurneti, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da ƙaramar bindigar hannu, wato fistol, kowace iri ce. Wannan ƴar ƙaramar da ake ganin ba komai ba ce, wadda ake sa wa a aljihun mota tare da takardun inshora, a dokar Najeriya ajinta ɗaya da bindigar soja. Hukuncin riƙe irin waɗannan ba lasisi bai gaza shekara 10 ba. Kashi na biyu shi ne bindigogin farauta masu baki ɗaya ko biyu da bindigar iska, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na ƴan sanda, kuma wanda aka kama da su ba lasisi yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5. Kashi na uku shi ne na bindigar gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda muke kira adaka ko harba-ka-ruga. Al'amarinta yana hannun kwamishinan ƴan sandan kowace jiha tare da amincewar gwamna, saboda haka ko ɗan Najeriya ne ya samu takardar adaka a Katsina, bai kamata ya ɗauka ta wadatar da shi a Zamfara ko Kano ba tare da ya tambaya ba. Harsashi ma haka: ba a yarda ya kasance a hannun wanda ba shi da lasisin bindigar da ake sa shi ba. Bayan wannan akwai wata doka ta zamanin soja, ta 1984, kan fashi da makami, wadda ita ma ta tanadi tara ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga mai riƙe bindiga ba bisa ƙa'ida ba.

Shigowa da makami kuwa laifi ne mai zaman kansa. Dokar ta ce ba a shigo da bindiga ko harsashi ta ƙasa sai ta garin da hukuma ta ayyana, a bayyana wa kwastan tun kafin su tambaya, a nuna lasisin Najeriya. Wanda ya bi ta barauniyar hanya, irin waɗanda ƴan kabu-kabu da masu fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur suka sani kamar tafin hannunsu, ya ƙara wa kansa tuhuma ta biyu, ita ma mai shekara 10. Ko da mutum ya ce to bari in nemi lasisin Najeriyar, ƙofar ba a buɗe take yadda ake zato ba. A watan Agusta na 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya bayyana cewa an dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. In ɗan ƙasa bai samu ba, ina ga baƙon da ya zo da katin ɗan ƙasa na Nijar?

Akwai wata magana da ta rikita mutane, kuma ya kamata a warware ta. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito ya ce jama'a su nemi makamai su kare kansu. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta yi irin wannan kira, har ta ce a ba mutane lasisi. Duk mun ji a BBC da sauran gidajen rediyo, kuma a majalisun shayi na Ɗan Isa an yi ta cewa ai yanzu an halatta bindiga a Najeriya. Ba a halatta ba. Rundunar ƴan sanda ta mayar wa Zamfara martani cewa ba ta ba da lasisi, domin a tsarin mulkin Najeriya sha'anin makamai na gwamnatin tarayya ne, jawabin gwamna ba ya soke doka. A cikin wannan tsakanin ne ma, a watan Maris na 2021, fadar shugaba Muhammadu Buhari ta sanar da umarnin a harbe duk wanda aka gani da kalashi ba bisa ƙa'ida ba. Rundunar tsaron al'umma da gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Katsina a watan Oktoba na 2023 kuwa ma'aikata ne da gwamnati ta ɗauka ta horar, ba izini ba ne ga duk wanda ya ga dama.

Wasu kuma sukan ce ai akwai SEDEYAWO, wadda ƴan Najeriya ke kira ECOWAS, akwai ƴancin zirga-zirga. Yarjejeniyar 1979 ta ba mutum damar shiga ƙasar maƙwabta ya zauna har kwana 90 ba biza, mutum aka ce, ba makaminsa ba. Ƙungiyar ma ita ce ta fi kowa tsanantawa. A 1998 shugabanninta suka amince a Abuja da dakatar da shigo da ƙananan makamai da ƙera su, sannan a ranar 14 ga Yuni 2006 suka sa hannu kan cikakkiyar yarjejeniya wadda ta fara aiki a 2009. A cikinta an ce baƙon da ke son shiga wata ƙasa da bindiga na ɗan lokaci sai ya rubuta tun kafin ya taso, ya faɗi irin makamin da lambarsa da dalilin zuwa da shi, a ba shi takardar baƙo, a rubuta shigarsa da fitarsa. An yi wannan tanadi ne don irin masu zuwa farauta ko gasar harbi, ba don mai zuwa sarin atamfa a Kantin Kwari ba. Yanzu kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar tare da Mali da Burkina Faso, ficewar da ta tabbata a ranar 29 ga Janairu 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun tafiya na ƴan ƙasashen uku har sai yadda hali ya yi, kuma iyakar Ɗan Isa da aka rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an sake buɗe ta a watan Maris na 2024. Mutane da kaya suna wucewa. Bindiga ba ta taɓa kasancewa cikin abin da aka buɗe wa hanya ba.

Kada mai karatu ya zaci mu kaɗai ke da wannan matsala. A Amurka, inda bindiga ta yi yawa kamar wayar hannu, ƙasa ɗaya ce amma kowace jiha da dokarta. Wata doka ta tarayya ta 1986 ta yarda matafiyi ya ratsa jihohi da bindiga in dai halal ce gare shi a inda ya taso da inda za shi, a cire harsashi, a kulle ta inda hannu ba zai kai ba. Duk da haka a 2013 wata mata mai ƴaƴa biyu daga jihar Fensilbaniya, da lasisinta na gaskiya, ta shiga jihar Niyu Jasi da ke maƙwabtaka, ɗan sanda ya tsayar da ita, ita da kanta ta gaya masa akwai bindiga a jakarta. Aka kama ta, ta kwana a kurkuku, ta fuskanci ɗaurin shekaru, sai a 2015 gwamna ya yi mata afuwa. Wannan tsakanin jihohi biyu na ƙasa ɗaya ke nan. Tsakanin Maraɗi da Katsina ko irin waccan dokar ta ratsawa babu.

Yanzu mu koma kan kwalin da muka fara da shi, domin a ganinmu nan ne haɗarin ya fi girma, kuma nan ne ya fi shafar mata. Masu bindiga da takarda a gundumar nan ƴan kaɗan ne. Masu karɓar saƙo kuwa kowa da kowa ne. Ɓarawon daji ba ya ƙera harsashi, saye yake yi, kuma tun bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011 makamai suka bazu a yankin Sahel, wani kaso nasu yana gangarowa kudu ya nufi dazuzzukan Najeriya. Mai safarar ba wawa ba ne da zai ɗauka da kansa ya bi shingen jandarma da na duwan. Yana neman wanda ba a zargi: tsohuwa mai kai daddawa, matar aure mai goyo, direban da jami'an hanya suka saba da fuskarsa shekara da shekaru. Harsashi ƙarami ne, yana ɓuya a tsakiyar buhun gero ko cikin kwalin sabulu. Ƴan sandan Katsina da na Zamfara sun sha gabatar wa ƴan jarida matan da aka kama da harsasai, har da waɗanda aka zuba cikin galan na manja. Wasu sun san abin da suka ɗauko, an biya su. Wasu kuwa Allah kaɗai ya san gaskiyarsu. Abin da muka sani shi ne tun da aka fara irin wannan kamu, lulluɓi da furfura sun daina zama kariya a shingen bincike.

Kuma tuhumar ba ƙarama ba ce. A watan Nuwamba na 2021 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana ƙungiyoyin ƴan bindiga a matsayin ƴan ta'adda, gwamnati ta buga hukuncin a jaridarta a Janairu 2022. Ma'ana wanda aka kama da harsasai a hanyar Jibiya ba lallai a tsaya kan dokar bindigogi ba, ana iya tuhumarsa da taimaka wa ta'addanci. A ɓangarenmu ma akwai hukuma ta musamman da kotu ta musamman a Yamai masu kula da ta'addanci da manyan laifukan da ke ratsa iyakoki, kuma fayil ɗin makamai da aka kama a bakin iyaka yana iya ƙarewa a can. Mai karatu ya auna: mace daga Madarunfa, jarinta bai wuce jika 50 ba, an tafi da ita Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, wa zai riƙa kai mata abinci, wa zai ɗauki lauya, wa zai riƙe yaran? Ko da daga baya alƙali ya wanke ta, watannin da ta yi a tsare ba mai mayar mata da su, kuma rumfarta a kasuwa wata ta daɗe da zama a ciki.

Direba kuma motarsa ce a kan layi. Dokokin duwan na Nijar da na kwastan na Najeriya duka sun ba da damar kama motar da aka ɗauko haramtattun kaya da ita. A tsarin duwan da muka gada daga Faransa, wanda aka samu kaya a hannunsa shi ake ɗauka mai alhakinsu, ba a jiran a tabbatar da niyyarsa. Sassaucin da tsarin ya yi wa mai motar haya guda ɗaya ne: in ya iya nuna ainihin wanda ya ba shi kayan, da bayanin da zai sa hukuma ta kamo shi. Wani yaro ne a kan babur, ban san sunansa ba, wannan ba bayani ba ne. Shi ya sa muke ganin lokaci ya yi da kowace tasha, daga Maraɗi har Ɗan Isa, za ta ajiye littafin saƙo, a rubuta sunan mai bayarwa da lambar wayarsa da lambar katinsa da sunan mai karɓa, a buɗe kayan a gabansa kafin a ɗora. Kamfanonin manyan bas na Yamai suna rubuta mai aikawa da mai karɓa su ba da rasiti, ba wanda ya ce sun ci mutuncinsa. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi suna iya sa wannan doka a tashoshinsu gobe da safe ba tare da jiran kowa ba, kuma littafin bai fi dala ɗari ba.

Mun san abin da Hajiya za ta ce: ɗan maƙwabcina ne, a gabana aka haife shi, da wane ido zan ce ya kwance ƙullinsa? Kunya ce, mun sani, kuma da ita aka gina cinikin wannan yanki, inda ake ba da kayan miliyoyi ba takarda sai amana. Amma mai gaskiya ba ya jin zafin a buɗe kayansa, shi da kansa zai riga ki kwancewa. Wanda ya ɓata rai, ko ya ce sauri yake yi, ko ya ba da ladan da ya fi ƙarfin ɗan ƙullin da ya kawo, ya riga ya ba ki amsa. Haka kayan da nauyinsu bai yi daidai da girmansu ba. Kwalin sabulu yana da nauyin da kowace ƴar kasuwa ta sani, in ya zarce haka akwai dalili. Buhun da aka ɗinke da zare iri biyu, jarkar da ba ta motsi kamar mai, waɗannan duk abubuwa ne da idon ƴar kasuwa ya fi na ɗan duwan saurin ganewa, in dai ta yarda ta duba. Kuma kada a bar kaya a tasha a tafi salla ko cin abinci ba mai tsaro, domin cusawa ba ta ɗaukar minti ɗaya.

Ga wanda yake da bindiga da izini kuma tafiya ta kama shi zuwa Najeriya, hanya ɗaya ce: ya bar ta a gida a kulle, harsashi a wani wuri daban, inda yara da barori ba za su kai ba. Kafin ya tashi ya duba motar da kansa, aljihun gaba da ƙarƙashin kujeru da wurin tayar safiya, domin harsashi ɗaya da ya gangara tun farautar bara ya isa ya kwana da shi a ofishin ƴan sanda a Jibiya. In tafiyar cikin Nijar ce, zuwa Tasawa ko Damagaram ko Ƙonni, ya riƙe ainihin takardar a jikinsa tare da katinsa, bindigar ba harsashi a ciki, kuma a shinge ya faɗa da bakinsa tun kafin a gano, hannuwansa a kan sitiyari. A daren da jami'an tsaro ke cikin ɗar-ɗar, mutumin da ya sunkuya yana laluben ƙarƙashin kujera yana iya rasa ransa kafin ya kai ga nuna takarda. Ya kuma tuna cewa a yankunan da ake aikin soja gwamna ko parfe na iya ƙara wasu matakai, kamar hana yawon babura ko dokar hana fita, saboda haka tambaya a ofishin jandarma kafin tashi ba ɓata lokaci ba ne.

Saura wanda yake da bindiga ba takarda, ko ya saya a ɓoye lokacin da aka sace maƙwabcinsa, ko ya tarar da ita a ɗakin marigayi. Dokar Nijar ta san kare kai, ta yarda mutum ya tunkuɗe wanda ya zo halaka shi, amma wannan hujja ce kan abin da ya faru a lokacin harin, ba ta wanke laifin ajiye makamin ba. Tun 1994 ƙasar nan take da hukumar tattara haramtattun makamai, wadda ake kira CNCCAI, kuma manya suna tuna ranar 25 ga Satumba 2000 da aka ƙone bindigogi sama da 1,000 a Agadas bayan sulhun tawaye. Wanda ke son rabuwa da makami kada ya saka shi a mota ya nufi gari, domin in aka tare shi a hanya ba wanda zai yarda cewa miƙawa zai je yi. Ya fara zuwa wurin mai gari ko hakimi hannu rabbana, su sanar da jandarma ko ofishin parfe a Madarunfa, a zo a ɗauka a inda take, a rubuta, a ba shi shaidar cewa shi ya kira.